Tumatirin Alhaji Ɗantani

"Inna! Inna! Na samu aikin!"

Da wannan ihun Ramla ta faɗo tsakar gida, waya a hannu, takalmi ƙafa ɗaya. Inna Kande na bakin murhu tana tuƙa tuwo, saura ƙiris muciya ta kuɓuce mata.

"Ke dai Allah ya shirye ki! Budurwa gandamemiya kina tsalle kamar 'yar akuya. Wane aikin?"

"Kamfanin nan na jigilar kayan gona da na je wa intabiyu a Kano. Shiri ne na horar da sabbin masu digiri, Inna. Shekara guda za mu yi muna koyon yadda ake ɗauko kaya daga gona har ya isa kasuwa bai lalace ba. Wanda ya yi ƙoƙari sai a tabbatar da shi. Ni an tura ni Tiga, wurin da ake loda tumatir a motocin sanyi zuwa Legas."

"Wato duk karatun jami'ar nan a tasha za ki ƙare, cikin direbobi?"

"Lojistik ake cewa, Inna."

"Ko me ake cewa, lodi ne dai." Inna ta yi dariya, sai kuma ta tsaya da tuƙin. "Tiga kika ce? Kin manta waye babban mai tumatir a Tiga?"

Ina fa ta manta! Alhaji Ɗantani ne, mahaifin Sagir, saurayin da duk garinsu Yako ya san an sa musu rana bayan ƙaramar salla.

Da la'asar Sagir ya zo zance a kan babur ɗinsa, daga makarantar da yake koyarwa a Bebeji, baki har kunne.

"Madam Lojistik, ranki ya daɗe! Ai Baba ya fi ni murna. Cewa ya yi yanzu mun samu namu a ciki."

Ramla ta yi murmushi, amma maganar ta tsaya mata a rai.

Ta kama aiki da zafinta. Ta koyi duba sanyin mota, ta koyi jera kwandunan roba yadda iska za ta ratsa, ta koyi yi wa direba magana ya ji ba tare da an yi cacar baki ba. Dokokin wurin biyu ne, kowa ya san su. Ana bin layi. Sannan tumatirin da zai je Legas dole ya kasance mai tauri, wanda bai gama nuna ba, domin mota ɗaya kayan manoma da yawa take ɗauka; in na mutum ɗaya ya fashe a hanya, ruwansa zai bi ya ruɓar da na sauran.

Ranar da sufabaiza ta fara bar mata wurin ita kaɗai, ranar Alhaji Ɗantani ya iso da kayansa. Ramla ta ɗaga kwando ɗaya ta taɓa. Jajawur, luguf-luguf! 

To, kun dai san halinmu. Yarinyar kirki ba ta kallon surukinta ido cikin ido, ba ta kiran sunansa, in ta hango shi a hanya ma sauya hanya take yi. Ramla ba ta taɓa yi masa magana da ta wuce gaisuwa ba. Yau kuma ga shi, ga manoma sun zuba ido, ga masu lodi suna jiran ta ce a ɗauka.

Ta gyara hijabinta, ta taka har gabansa, ta durƙusa a ƙasa da rigar aikinta mai walƙiya.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau, 'yata. Ce musu su loda, rana na yi."

Kanta a sunkuye ta ce, "Baba, a yi mini afuwa. Wannan ya nuna da yawa, ba zai kai Legas ba."



"Me kika ce?"

"Ba zai shiga motar ba, Baba. Amma akwai wata motarmu da za ta koma Kano babu kaya. In an yarda, yau ɗin nan za ta kai shi kasuwa tun bai—"

"Ni za ki koya wa tumatir? Tun ba a haifi uwarki ba nake nomansa!" Ya kaɗa riga. "Ku kwashe mini kayana!"

Har ya tafi tana durƙushe. Sai da ƙarar motarsa ta ɓace ta miƙe, ta karkaɗe gwiwa, ta ce, "Na gaba." 

Ba a jima ba saƙo ya iso Yako: a ɗaga ranar biki, sai abin da hali ya yi. Inna Kande ta zauna a bakin gado tana share hawaye da gefen zane.

"Ramla, kin kashe ni! A kan tumatir za ki rasa miji? Da kin rufe ido kin loda, wa zai sani?"

"Mutanen da kayansu za su ruɓe za su sani, Inna. Akwai wanda gonarsa ke nan guda ɗaya."

"To ki je ki ba shi haƙuri, ki ajiye aikin nan."

"Haƙuri kam zan ba shi, ko sau nawa ne. Amma aikina ba zan ajiye ba, ban yi laifi ba."

Baki ne kawai ya iya faɗar haka. Tana shiga ɗaki ta kife a katifa ta yi kuka mai isarta, domin Allah ya sani tana son Sagir, son da ba ta taɓa yi wa kowa ba.

Shi ma Sagir da ya zo, fuska a murtuke, ko babur ɗin bai kafe daidai ba.

"Haba Ramla! A gaban mutane fa? Ubana ne!"

"Na sani. Shi ya sa na durƙusa." Ta dube shi da jajayen idanu. "Sagir, in ɗan gidanku ya faɗi jarrabawa a ajinka, za ka ba shi makin wani?"

 Sagir ya ja dogon numfashi.

"Ke dai ba a kayar da ke a magana. To ji nan. Ba zan saɓa wa Baba ba, ba kuma zan nemi wata ba. Zan jira, ko zan yi furfura."

"Furfurar ma za ta yi maka kyau," ta ce, tana dariya tana hawaye.

Sun je ita da Inna ba da haƙuri, Alhaji ya aiko cewa barci yake. Ramla ta ci gaba da aikinta. Shi kuwa Alhaji, da yake babu motar da ta kai ta sanyi tsare kaya, bai daina aiko da tumatirinsa ba, sai dai yanzu da wuri yake sa a cire. In ya zo da kansa ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon gabas.

Rannan, gab da ƙarshen kakar tumatir, mota ɗaya ta rage, wurin kayan mutum ɗaya ya saura a cikinta. Alhaji ne a kan layi, tumatirinsa tsaf, mai tauri. Sagir na gefensa, ranar babu makaranta. Sai ga wata jibgegiyar mota ta shigo da gudu, akori-kura cike da kaya na bin ta. Wani mutum ya fito, shadda sai ƙyalli, ya ce kayan maigidansa ne, babban mutum, a loda yanzu-yanzu.

"Ranka ya daɗe, layi ake bi," in ji Ramla. "Akwai mota gobe da safe."

"Ke! Kin san da wa kike magana? 'Yar koyon aiki ce fa ke. Waya ɗaya zan buga a sallame ki!"

Wannan ba surukinta ba ne, don haka a tsaye take ƙyam, ta dube shi tsakiyar ido.

"Bismilla, buga. Kafin a sallame ni dai, wanda ke kan layi shi zai loda."

Wani daga cikin mutanensa ya raɗa masa magana a kunne. Ya kwashe da dariya.

"Au, ashe! Uban saurayinki ne a kan layin. Son kai ne kawai, jama'a ku shaida!"

Ai kuwa sai wurin ya ɓarke da dariya, manoma har da tafa hannu.

"Malam, baƙo ne kai!" wani dattijo ya ce. "Ai shi ta fara mayar wa da kayansa a wurin nan!"

 Alhaji Ɗantani ya dubi kwandunansa, ya dubi baƙon, sannan a karon farko ya juyo ya dubi Ramla, wadda tuni ta sunkuyar da kai.

"Malam, kada ka ɓata bakinka," ya ce. "Ni ma na gwada. Da yarinyar nan irin wadda nake so ta zama ce a ranar, da yau kai za ka loda, ni in koma gida da kayana." Ya gyara hula. "Sagir! Tsayuwar me kake yi? Hau babur ɗinka ka je Yako, ka ce musu ranar tana nan yadda aka sa ta. Surukata ce, ban ba kowa ba."

Ramla ta ja hijabi ta rufe fuska, kunya da daɗi suka taru suka lulluɓe ta. Da kyar ta iya ɗaga hannu ta yi wa masu lodi alama su ɗauka.

An sha biki bayan salla, kamfani kuma ya tabbatar da ita a ƙarshen shekara. 'Yan'uwana matasa, ladabi wajibi ne, amma ba ya nufin a ci amana don a faranta wa na gida. Ku durƙusa wa manya, ku faɗi gaskiya a durƙushen, sannan ku yi haƙuri. Wanda ya fi kowa fushi da ku yau, wataƙila gobe gaskiyar nan taku ce za ta tsare masa haƙƙinsa.