Tafin Hannun Nohemí

Shin laifi ne mutum ya so 'yar wanda aka aiko shi ya rushe wa shago? Na daɗe ina juya tambayar nan a teburina na gyaran agogo, har yau ban samu amsa ba.

Las Garzas, rukunin shagunanmu na bayan garin Barranquilla, a idonmu ya tsufa. Matakalar lantarki ta daina motsi, tattabaru suka gaje rufin gilashi, shaguna suka yi ta rufewa. Daga ƙarshe aka sayar da wurin, za a rushe a gina sabo.

Ranar da ma'aikatan rusau suka fara zuwa, ɗayansu, Wilfrido, ya tsaya gaban Yuleidis mai sayar da lemon mangwaro. Hasken rufin ya sauko mata a gashi, ya manta abin da ya kawo shi.

"Sarkin ƙura, lemo za ka sha ko kallo?" ta ce.

"Nawa ne kallon?"

"Ya fi ƙarfin aljihunka."

Tun daga ranar ƙishirwa ba ta sake barinsa ba. Saƙonni suka fara kai da kawo.

"Zumata, yau tagogin bene na cire. Ta kowace na leƙa, ke nake hange."

"Ka dai kula da ƙafarka. Ba na auren gurgu."

"Ashe da maganar aure?"

"Wayar ce ta rubuta, ba ni ba."

Mahaifinta, Don Evaristo mai aski, yana nan tun ranar da aka buɗe wurin. A ranar, simintin ƙofofi bai bushe ba, kowane mai shago ya danna tafin hannunsa a bakin ƙofarsa. Shi sai ya ce amaryarsa Nohemí ta danna nata. Ta rasu tun Yuleidis na ƙarama, amma kowace safiya sai ya durƙusa ya ɗora hannunsa cikin nata kafin ya buɗe shago.

Da Wilfrido ya je gaishe shi, ya zauna a kujerar aski, tsohon ya nuna masa ƙofa.

"Tashi, yaro. Askata ba ta taɓa gemun mai rushe mini gida. 'Yata kuwa, cire ta daga ranka."

"To, Baba, gemun zai jira."

Ya kuwa jira. Ya yi ta tsiro har Yuleidis ta koma kiransa bunsuruna.

Shi kuwa tsohon, wanda yake so ya auri 'yarsa shi ne Duván, mai sayar da wayoyi, wanda tuni ya kama shago a sabon ginin. Wata Lahadi, shaguna a rufe, Duván ya turo wa Yuleidis hoto: Wilfrido durƙushe da injin yanka a ƙofar mahaifinta. Ta zo da gudu. Rami kawai ta tarar inda hannun yake. Nan take ta tura wa Wilfrido saƙo.

"Duk faɗin wurin nan, da hannun mahaifiyata ka fara? Kada ka sake kirana."



Washegari ce ranar kwashe kaya. Don Evaristo ya tsaya a kan ramin, makulli a hannu, kamar wanda ya manta yadda ake buɗe ƙofa. Sai ga Wilfrido yana turo baro, da wani abu naɗe cikin buhu. Yuleidis ta juya masa baya.

Ya warware buhun. Hannun Nohemí ne, yatsu biyar cif, amma tsaga ta ratsa tafin.

"Baba, gobe inji zai niƙe daɓen nan," ya ce. "Na so in ciro shi lafiya, sai ya tsage a hannuna. Ban nemi izininka ba don na san za ka hana. Kunya ce ta hana ni amsa saƙonta."

"Ɓarna ce dai, Don Evaristo," in ji Duván.

Tsohon bai kula shi ba. Ya durƙusa gaban baron, ya ɗora hannunsa cikin nata, ya bi tsagar da yatsa. Tattabaru na ta kewaya rufin, inuwarsu na wucewa a kanmu.

"Dama tana da tabo a nan," ya ce a hankali. "Wuƙar kifi ce ta yanke ta. Simintin ne bai fito da shi ba sai yau."

Na san Nohemí shekaru da yawa, hannunta ya sha miƙo mini kofi. Ban tuna wani tabo ba. Har yau ban san ko ƙarya ce ya yi ko sadaka ba.

Yuleidis ta share ido, ta damƙi gemun Wilfrido. "Da ka faɗa mini, bunsuruna, da na riƙe maka ɗaya gefen."

Don Evaristo ya buɗe shagon karo na ƙarshe, ya karkaɗe kujera, ya wasa aska.

"Zauna, ɗana. Ba zan miƙa 'yata a coci ga wannan daji ba. Allah ya ba ku gidan da ba mai rushe shi."

Ya shafa masa kumfa, ya ɗaga masa haɓa, ya fara.