Tabon Da Ba A Nuna Wa Suruki

"Ya buɗe rigarsa mu gani!"

Gwaggo ce ta faɗa, tana nuna masoyina Tela da baki. Ɗanta na gefe, wanda ya daɗe yana naci a kaina, ya sha turare kamar an yi ɓarinsa a falon Baba.

Laifin Tela ɗaya ne. Ranar da zai kawo iyayensa neman aurena bai zo ba. Babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciyarsa ce ta kumbura tana shirin fashewa, aka kwashe shi sai asibiti. Baba kuwa bai gaskata ba, ya rantse ba zai ba maƙaryaci 'yarsa ba.

Tela ya ɓalle maɓallai. Ƙirji sumul, ko ƙwarzane babu.

"Ka gani ko, Kawu?" in ji ɗan Gwaggo. "Aikin zuciya ba ɗinki? Wallahi wajen wata ya tafi!"

Na watsa masa harara. Mutumin da ko allura aka ɗauko sai ya nemi ƙofa, yau shi ne likita.

"Baba, ba su tsaga ƙirjin ba," na ce. "Likitan ya yi mini bayani. Siririn bututu suka zura ta jijiya har sama, suka ɗaure wajen daga ciki."

"Ta ina suka zura?" in ji Baba.

Tela ya sunkuyar da kai, gumi na tsatstsafo masa.

"Ta... ta can saman cinya, Baba."

Gwaggo ta tafa hannu. "Oho! Ya zaɓi inda ba za a duba ba!"

Na san Tela, gara ya rasa ni da ya kwance wando gaban suruki.

Baba ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya dubi ɗan Gwaggo.

"Kai ka kawo ƙarar. Shiga ɗakin can da shi, ka durƙusa ka duba mana da kyau."

"Ni, Kawu?!"

"Kai fa."

Da suka fito, duk ƙamshin nan bai hana ɗan Gwaggo muzanta ba.

"Ka gani?" in ji Baba.

"Na... na gani."

"Ɗaga murya, uwarka ba ta ji ba."

Gwaggo ta suri jakarta, ko sallama babu.

A bakin ƙofa Tela ya raɗa mini, "Hasken idona, yau kunya ta kusa ƙarasa abin da ciwo ya fara."

"Lallaɓa min zuciyar nan, masoyi," na ce. "Baba ya ce iyayenka su zo jibi."