Wasiƙar Kombo Mai Haruffa Iri Bakwai

Al'amarin ya fara ne a makon farko na watan Rajab, shekarar da aka kawo sabuwar manhajar tsara rahoto ofishinmu na ƙungiyar masunta a Tanga. Aikinmu shi ne tattara bayanin kifin da ake saukewa a tashoshi talatin da biyu na bakin teku, mu fitar wa kowace tasha rahotonta a ƙarshen wata.

Mwanaidi ce aka damƙa wa ma'ajiyar salo. A cikin manhajar ba a yi wa kowane kan magana ado shi kaɗai. Ana tsara salo sau ɗaya, a zaɓa masa irin haruffa da launi da tazara, a raɗa masa suna, sannan kowane rahoto ya ɗauka daga can. Akwai kuma wadda muke kira uwar salo, wadda sauran duka suke gado daga gare ta. Idan aka taɓa ta, an taɓa komai. Launinta shuɗi ne mai duhu, kuma Mwanaidi ba ta yarda ko ƙuda ya sauka a kanta.

A makon ne aka ɗauki Kombo aiki, wani dogon saurayi daga Pangani mai yawan fara'a. Rahotonsa na farko ya zo da kan magana ja, jadawali ruwan ɗorawa, lambobi kuma a karkace kamar iska ta kaɗa su. Duk da hannu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kwana uku cur. Mwanaidi ta ɗauki takardar ta tsaya a gaban teburinsa.

"Ɗan'uwa, rahoton kifi ne wannan ko tallar biki?"

Ya ɗago kai zai kare kansa, sai ya gan ta tsaye cikin koren mayafi. Da ƙyar ya samo cewa ai ya yi haka ne don masunta su ji daɗin karantawa. Ta ce masunta suna da idanu, kuma suna bukatarsu don komawa teku gobe. Daga ranar ta raɗa masa suna Bakan-gizo, shi kuma ya riƙa kiranta Malama.

Koyarwa ta koma hira, hira ta koma saƙonni. Mu da muke zaune kusa mun lura cewa darasin minti goma ya fara cinye lokacin shan shayi da fanken da muke kira mandazi. Wata rana ta nuna mini abin da ya aiko mata:

"Malama, yau na rubuta shafi guda da launi biyu kacal. Na sha wuya, amma na daure saboda ke."

Ta mayar masa: "Allah Ya ƙara haƙuri, Bakan-gizo. Idan ka kai launi ɗaya, zan gaya maka ƙofar gidanmu."

Ya kai, ta kuma cika alkawari. Sai dai a ƙofar gidan akwai mahaifinta, Mzee Mbwana, wato Dattijo Mbwana, wanda ya yi shekara arba'in yana jera haruffan dalma a maɗaba'a. Ya yi ritaya, amma har yanzu kowace safiya yana zama a maɗaba'ar tsohon yaronsa, inda ake buga rahotanninmu, da rula a aljihun riga da jan alƙalami a bayan kunne.

Kamar yadda aka saba, Kombo ya rubuta wasiƙar neman aure, aka naɗe ta cikin farin hankici, kawunsa ya kai. Abin da Mwanaidi ba ta sani ba shi ne, ɗoki ya mayar da shi halinsa na da. Sallama da irin haruffa ɗaya, sunan Mzee da wani, sunanta da ruwan zinariya, ga furanni a kusurwoyi huɗu. Bayan kwana uku kawun ya dawo da hankicin, kansa a sunkuye. An yi wa wasiƙar gyara da jan alƙalami tun daga sama har ƙasa, an ƙirga irin haruffa bakwai, a ƙarshe kuma an rubuta: "Mutumin da ya kasa tsayawa a kan harafi ɗaya cikin shafi ɗaya, ban ga yadda zai tsaya a kan magana ɗaya shekara hamsin ba."

Mwanaidi ta roƙi mahaifinta. Ya ce ba ya ƙin yaron, yana dai tsoron hannunsa. Ya ƙara da cewa akwai wata wasiƙar a ƙarƙashin matashin kansa, daga Bwana Sudi mai sayar da injinan kwalekwale, kuma bai taɓa ganin tsari mai tsafta irin nata ba tun da ya bar aiki. Zai yanke shawara kafin azumi.

"Baba, ni za a aura ko takarda?"

"Ke za a aura, shi ya sa nake duba takarda."

Kombo ya rame. Ya roƙi Mwanaidi ta buɗe masa ma'ajiyar salo don ya koyi aikin daga tushe, ita kuma, da yake zuciya ta riga ta yi laushi, ta ba shi izinin da ba ta taɓa ba kowa ba. Ta ja masa kunne sau biyu cewa ya kwafi uwar salo ya yi gwaji a kan kwafin. Ya ce ya ji.

Ranar Asabar da safe ya shiga ofis shi kaɗai. Ya zaɓi irin haruffa ɗaya mai natsuwa. Ya auna tazara, ya sake aunawa. Ya cire duk wani ado, ya bar siririn layi guda a ƙarƙashin kan magana. Da ya zo kan launi, sai ya zaɓi koren mayafin da Mwanaidi ta yafa ranar da ta fara tsayawa a gabansa. Ya adana aikinsa, ya tafi gida da farin ciki, bai lura cewa ya manta da kwafin ba, a kan uwar salo ya yi aikin.

Ranar Litinin manhajar ta fitar da rahotannin wata kamar kullum, aka tura su maɗaba'a kafin kowa ya gama gaisuwa. Da tsakar rana shugabanmu, Bwana Mhina, ya shigo da ɗaya a hannu, ya tambaya cikin sanyin murya mai ban tsoro yaushe ƙungiya ta sauya launinta ba a gaya masa ba. Tashoshi talatin da biyu, duka kore. Kowa ya juya ya kalli Mwanaidi, sannan ya kalli mayafinta, wanda bisa ƙaddara shi ta yafo a ranar.

Ta duba tarihin ma'ajiyar, ta ga sunan wanda ya taɓa uwar salo. Ba ta faɗa ba. Ta ce laifinta ne, ita ce mai tsaro. Amma a ƙarƙashin tebur ta aika masa da saƙo: "Na ba ka amana ka tozarta ni a gaban mutane. Kada ka sake kirana Malama."

Kombo ya miƙe tsaye har kujerarsa ta faɗi. Ya ce shi ne ya yi, ya bayyana yadda aka yi, bai rage komai ba har da dalilin zaɓen koren, wanda babu wanda ya tambaye shi. Bwana Mhina ya ce to sai ya shirya kwana uku yana gyara da hannu kamar yadda ya saba. Kombo ya ce ba sai an kai haka ba. Ya zauna, ya buɗe uwar salo, ya mayar da launin shuɗi a wuri ɗaya, rahotanni talatin da biyu suka koma hayyacinsu kafin shugaba ya gama gyara tabarau.

A daidai lokacin aka yi sallama a ƙofa. Mzee Mbwana ne, da ƙunshin korayen rahotanni a hammata da rula a hannu. Muka gaishe shi da ladabi, bai ko zauna ba. Ya ce ya auna shafi ɗari biyu da wani abu tun safe, bai sami tazarar da ta saɓa wa 'yar'uwarta ba, kuma ya zo ya yi wa 'yarsa murna domin hannunta ya ƙware.

"Ba ni ba ce, Baba," in ji Mwanaidi. "Ga mai laifin nan."

Mzee ya dubi Kombo daga sama har ƙasa, kamar shafin da yake neman kuskure a ciki.

"Kai ne mai haruffa bakwai?"

"Ni ne, Mzee. Saura ɗaya yanzu."

"Koren fa?"

Mzee ya waiwaya ya ga mayafin, ya yi tari, ya mayar da rula aljihu.

Daga baya muka ji sauran labarin. Ashe tun ranar Juma'a, a dakalin da dattawa ke shan gahawa bayan la'asar, wani abokin Mzee ya fito da wasiƙar da aka kawo wa tasa 'yar don a taya shi murna. Daga Bwana Sudi take, tsari ɗaya, kalmomi ɗaya, har da "ban taɓa ganin irinta ba". Suna kaɗai aka sauya. Mzee ya ce wa abokin salo ne ake maimaitawa, ba maganar da ke ciki ba, ya koma gida ya cire tasa daga ƙarƙashin matashi.

Da yamma Kombo ya aika: "Malama, in an yafe mini, ina neman izinin rubuta wasiƙa ta biyu."

Ta amsa: "An yafe, Bakan-gizona. Baƙin tawada, farar takarda. Kuma na karɓe izinin ma'ajiya har abada."

Wasiƙa ta biyu ta tafi cikin sabon hankici, ba fure ko ɗaya. Mzee Mbwana ya karanta ta a gaban kawun Kombo da 'yan'uwa, ya ciro jan alƙalami daga bayan kunne, ya juya takardar gaba da baya, sannan ya mayar da shi inda yake ba tare da ya buɗe murfinsa ba. Aka yi fatiha. Ya yi musu addu'ar zaman lafiya da zuriya ta gari, ya roƙi Allah Ya tsayar da su a kan magana ɗaya, muka amsa da amin daga bayan labule.

Kawun ya ce ango yana da wata shawara game da katin gayyata, yana ganin ko ɗan ruwan zinariya kaɗan a gefe.

Mzee ya naɗe wasiƙar ya sa a aljihu kusa da rularsa.

"Na ba shi Mwanaidi. Za a ɗaura aure Juma'ar farko ta Shawwal. Katin kuma ni zan tsara."