Kabarin Injiniya Didam

Matar ta shigo ofishin 'yan sanda da laka har idon sawu, ba ta jira an nuna mata kujera ba.

"Sunana Hadassah Didam. An sace kabarin babana."

Sufeto Sumayya ta ajiye biro. An sha kawo mata ƙarar satar janareto da akuya, har da ƙofar masai. Wannan kam sabo ne.

"Gawar aka tone?"

"Ban sani ba. Ban ma san inda zan duba ba. Akwai dutse mai sunansa da gicciyen ƙarfe a ƙarƙashin itatuwan mangwaro. Jiya na sauka daga Ingila, yau na je. Ba dutse, ba gicciye, ba mangwaro. Fili kawai."

"Wa ke kula da gidan?"

"Yayana Nelson, yana zaune a unguwar Television. Sai Baba Sunday mai gadi."

Sufeto ta ɗauki hularta, ta ce wa Saje Nathan ya fito da mota.

Gidan yana bayan Gonin Gora, in an bar titin Abuja aka bi wata hanya da ciyawa ta kusa haɗiyewa. Injiniya Didam ya gina shi zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki ba dare ba rana, shi kuma yana manaja a ɗayarsu. Masaƙu suka rufe, mai gida ya rasu, gida ya bi bayansu.

Sumayya ta tsaya kallo fiye da yadda aiki ya buƙata. Falon ya isa a yi taron biki a ciki, amma ba rufi, cediya ta fasa tayil ta miƙe a tsakiyarsa. Matakala ta hau sama ta ƙare a sarari. A baya ga ramin ninƙaya cike da ruwan sama, kwaɗi na ta kuka a ciki. Ta leƙa wata 'yar taga a bangon kicin.

"Wannan fa, ta mece ce?"

"Ta nan kuku ke miƙo abinci," in ji Hadassah. "Baba ba ya son warin albasa a falo."

Baba Sunday ya fito daga ɗakin da ya rage da kwano, yana gyara wuyan riga.

"'Yan bola jari ne, ranki ya daɗe. Yaran nan ba sa tsoron Allah."

"Ka gan su?"

"Na dai ji motsi."

Sumayya ta ƙwanƙwasa ƙarfen baranda da makullin mota. "Wannan ya ninka gicciye nauyi. Ga tankin ruwa can. Me ya sa suka bar su?"

"Wataƙila sauri suke yi."

"Suna sauri, amma suka tsaya suka ɗauke dutsen da ba mai saye, suka tumɓuke kututture, suka baje ƙasa sumul? Baba, a ina kabarin yake?"

Tsoho ya wurga hannu ya haɗa rabin filin. "Ta can dai. Idona ya yi rauni."

Ta zaga filin. Ƙasa ja, ciyawa ta fara tsirowa bai ɗaya, ba tudu ba kwari. A kusurwa ta ci karo da turke mai jan fenti. Ta hango wani turken a nesa.

Masu facin taya a bakin titi suka gaya mata mai turakun. Oga Sylvester ne, mai sayar da kayan tirela. Ta same shi a shagonsa yana cin gyaɗa.

"Eh, ni zan sayi filin," ya ce. "Garejin tirela zan yi. Litinin katafila za ta shiga, a zuba tsakuwa."

"Ka san akwai kabari a wurin?"

Gyaɗar ta tsaya a hannunsa. "Madam, abeg, kar ki yi mini wasa da wannan. Tambayar farko da na yi wa Nelson ke nan. A garinmu ba a sayen ƙasar da uban wani ke kwance. Tirela a kan mutum? Ya rantse mini cewa ƙauye aka kai tsohon."

"In ƙarya ya yi maka fa?"

"Ki nuna mini kabari, in tattara turakuna. In babu, direban katafila ba ya jira."

Washegari da hantsi ta tara su a kangon. Nelson ya iso a ƙarshe, dogo, furfura ta fara leƙowa ta gefen hularsa. Bai kalli ƙanwarsa ba.

"Ka ce wa Sylvester a ƙauye aka binne mahaifinka," in ji Sufeto.

"Na faɗa. Maganar ciniki ce, ba laifi ba ce."

"Gicciyen fa?"

"Ki tambayi ɓarayi. Rabona da nan tun itatuwa na tsaye. Ko turakun nan mai awo na aiko ya kafa."

"Broda," in ji Hadassah, "ba rigima na zo yi ba. Ka nuna mini inda yake kawai."

"Wanda kika bari da rai kike nema a ƙasa? Ni ma ban gane wurin ba. Duba mana, ko'ina iri ɗaya ne."

Sumayya ta gyaɗa kai kamar ta gamsu. "To, raka ni wancan turken in ga iyakar filin. Wuce gaba."

Ya wuce gaba, ta bi shi. Turken na miƙe daga baranda, ba abin da ya tare hanya. Amma da suka kai tsakiyar fili sai Nelson ya karkata dama, ya yi ɗan lanƙwasa, sannan ya koma kan layi. Ta duba ƙasa. Ba ƙaya, ba rami, ba shuri.

A turke ta yi masa tambayoyin banza game da faɗin filin. Da suka juyo, ya sake kauce wa wurin, wannan karon ta ɗaya gefen. Hannunsa ya ɗan taɓa bakin hula, ya sauka.

"Saje!" ta ɗaga murya. "Motar nan ta tare ƙofa. Shigo da ita fili." Ta nuna da yatsa. "Ajiye ta nan daidai."

Saje Nathan ya tayar da mota, ya shigo da baya. Tayoyi suna murƙushe ciyawa. Nelson ya juya baya, ya sa hannu a aljihu, ya fitar. Motar na matsowa.

"Kai! Tsaya!" Nelson ya ruga ya daki bayan motar da tafin hannu. "Ba ka da uba ne? Tsaya na ce!"

Saje ya taka birki.

"Me ke nan wurin, Malam Nelson?" in ji Sumayya. "Ai ka ce ko'ina iri ɗaya ne."

Baba Sunday ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, ni diga kawai na riƙe. Ba mu taɓa mai gida ba, yana nan yadda aka sa shi. Dutse da gicciye suna ɗakina, ƙarƙashin gado. Oga Nelson ya ce kar a fasa su."

Nelson ya cire hula ya matse ta a hannu.

"Ni na sa aka yi," ya ce. "Na cire dutsen, sai na ga itatuwan za su nuna wurin, na kira masu gawayi." Ya dubi ƙanwarsa a karon farko. "Ke kina can. Ni nake nan. Duk wanda ya bi hanyar nan sai ya ce ga gidan Injiniya, ga kuma ɗansa da ya kasa sa masa ko kwano. Na gaji da kallonsa, Hadassah. Na so a shafe shi."

"Har da Baba?"

Nelson ya kau da kai.

"Sata, da keta alfarmar kabari," in ji Sufeto. "Sauran bayani a ofis. Baba Sunday, kai ma shiga mota. Saje, a kira Sylvester ya zo ya cire turakunsa."

Saje ya sa wa Nelson ankwa, ya kama hannunsa. Hadassah ta cire takalma ta matso bakin wurin, tana duban ƙasa.

"Broda. Ina kai, ina ƙafa?"

Nelson ya tsaya. Ya ɗaga hannuwansa biyu a haɗe, ya nuna ɓangaren da ke kallon gidan.

"Kai yana nan. Ki matsa hagu kaɗan."

Ta matsa hagu, ta durƙusa. Saje ya buɗe ƙofar mota.