Notin Hagu

Ranar Litinin da safe Merle Kovach ya ɗaga ƙofar garejinsa da ke Port Galen, ya tarar da jar motar da Verna Holub ta kawo gyara a ɗage kan jak, tayoyin baya a yashe, baƙin mai ya malale siminti. An zare sandar aksul ta dama, ƙarfen nan da ke juya tayar baya, an yi gaba da ita. Tun kafin ya kira 'yan sanda, sai da ya fara kiran jami'in da ke sa ido kan bakanikensa, Rufus Dabney, wanda aka sako daga gidan yari bara bisa sharaɗi. Sharaɗin kuwa ɗaya ne: ko allura aka kama shi ya sata, zai koma ya ƙarasa shekara huɗun da suka rage masa.

Sajan Lorna Tebbets ta iso da ƙarfe tara. 'Yar bakanike ce, cikin giris ta tashi, kuma ba abin da ta raina irin mutumin da ke tarar ɗan sanda da sunan ɓarawo tun ba a tambaye shi ba.

"Ba sai kin wahalar da kanki ba, Sajan," in ji Merle, yana nuna Rufus. "Ga shi can. Ni na ja wa kaina da na ɗauke shi aiki."

"Sannu da taimako. An fasa ƙofa?"

"A'a."

"Makulli nawa ne?"

"Uku. Nawa, nasa, sai na Likita Whitlock da ke ajiye motarsa a lungun can. Amma haba, Likita ai babban mutum ne."

Lorna ta ja tsaki, ta tsuguna gindin motar. 'Yar motar tsere ce ta Ingila mai kujera biyu, ta ba shekara sittin baya, kuma an daɗe da daina ƙera irin sandarta. Ta marigayi mijin Verna ce. A ɓangaren hagu sandar na nan, notin da ke riƙe da ita kuwa ya sha azaba. Gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara ya riga ya manne shi da tsatsa, sannan wani ya zo ya hau shi da ƙarfin tsiya har kusurwoyinsa suka tauye. Ga bututun ƙarfe a gefe, wanda aka zura wa sifana don ƙarin ƙarfi, ya lanƙwashe. A bakin sifirin da ke kusa da notin, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, akwai ɗan busasshen jini. Ta daɗe tana duban gefen da ƙarfen notin ya tauye, sannan ta miƙe tana kaɗe gwiwa.

Ta fara da Merle, a ofishinsa. "Jiya Lahadi kana ina?"

"Gidan 'yata, a Erie, tun safe har yamma. Ga lambarta."

"In kai ne, yaya za ka kwance notin hagun nan?"

"Na hagu? Ai baibai aka yi shi a irin motocin nan. Inda ake ɗaure sauran, nan ake kwance shi."

"Au, ashe ka sani. Rufus fa?"

Merle ya sosa ƙeya. Ta bar shi yana sosawa.

Rufus na zaune kan tsohuwar taya, dogo, furfura ta fara cin gemunsa, hannuwa a kan gwiwa irin zaman wanda ya saba jiran a sa masa ankwa.

"Jiya kana ina?"

"Ɗakina. Na kalli ƙwallo."

"Da wa?"

"Ni kaɗai, Sajan. Na san yadda hakan ke sauka a kunne."

"Tashi ka kwance min notin can."

Ya ɗauki sifana, ya duba notin, fuskarsa ta ɓaci. "Kai! Wane ɗan iska ne ya yi wannan? Kwana uku ina jiƙa shi da mai, yau nake shirin gasa shi da wuta." Ya ɗora sifanar, ya jingina nauyinsa ta dama ba tare da ya tsaya tunani ba.

"Ya isa. Nuna min hannuwanka."

Tsofaffin tabo ne kawai, ba sabon rauni.

"Wa ke neman irin sandar nan a garin nan?"

Rufus ya saci kallon lungu, inda wata mota ke lulluɓe da zane. Lorna ta gane kallon. Tsohon fursuna ba ya nuna babban mutum da yatsa.

"Ni na tambaya. Faɗi."

"Ta Likita ta tsage. Motarsu iri ɗaya ce. Wata biyu ke nan da na gaya masa ba a samunta. Kuma Asabar ɗin nan ake bajekolin tsofaffin motoci."

Ƙarfe goma sai ga Likita Alden Whitlock, likitan haƙori kuma shugaban ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta garin. Lorna ta san irinsu sarai, masu goge fitila da hankici suna yi wa bakanike lacca. Ya shigo da hular tuƙi da safar hannu ta fata, a tsakiyar Yuli, ana zufa kamar a gidan burodi.

"Abin takaici," ya ce, yana girgiza kai. "Na sha gaya wa Merle, mai hali ba ya canzawa. Baiwar Allah Verna! Mijinta abokina ne."

"Allah sarki. Jiya kana ina, Likita?"

"A gida, ina karatu. Amma ba na jin ni za a yi wa wannan tambayar."

"Aikin ne haka, a yi haƙuri. An ce a garin nan ba wanda ya kai ka sanin motocin nan."

"Shekara talatin ina tare da su," ya ce, ƙirji a gaba.

"To taimaka wa jahila. Ina so in rubuta yadda ake kwance notin nan, na rasa ta ina ake farawa."

Ta miƙa masa sifana. Da yana da wayo da ya ce bayansa na ciwo. Ina! An yabe shi a gaban mutane. Ya tsuguna, ya ɗora sifanar da hannun hagu, ya danna ta hagu, yadda ake kwance murfin kwalba.

"Haka ake yi. Sai dai ya ciza sosai."

"Ya ciza mana, tunda jiya ka yini kana ƙara ɗaure shi. Cire safar hannun dama."

"Ban gane ba."

"Za ka gane. Notin hagu baibai yake. Merle ya sani, Rufus ya sani, duk wanda ya taɓa shiga ƙarƙashin irin motar nan ya sani. Wanda ya tauye notin nan ta hagu ya yi ta dannawa, ƙarfen ya nuna. A cikin masu makulli uku, mutum ɗaya ne zai yi wannan shirmen. Na dama ya kwance maka salin alin, don Rufus ya jiƙa shi. Guda kake buƙata, haɗama ta ce ka haɗa da ɗayar. Ka zura bututu, ka hau da nauyinka, sifana ta zame, yatsunka suka daki sifirin. Jininka na can. Shekara talatin kana sa hula, ko noti ɗaya ba ka taɓa kwancewa ba. Cire safar."

Ya cire. Yatsu uku a naɗe da filasta, naɗi mai kyau kuwa, na likita.

"Aro na yi," ya ce. "Bayan Asabar zan mayar."

"Kafin Asabar Rufus na gidan yari. Da shi ma aronsa ka yi?"

Sandar na cikin but ɗin motar da ya zo da ita, a naɗe cikin tawul ɗin asibitinsa. Kafin a fita da shi ya kira lauyansa, kuma Lorna ta san a gidansa zai ci abincin rana. Merle ya matso yana washe baki, ya dafa kafaɗar Rufus.

"Ni dama zuciyata ba ta yarda kai ne ba."

"Ɗauke hannunka," in ji Lorna. "Je ka kira jami'in da ka kira ɗazu, ka gaya masa ƙarya ka yi. Ina jin ka daga nan."

Merle ya shige ofis sumui sumui. Rufus bai ko dube shi ba. Ya tsuguna gaban notin, yana shafa tauyayyun kusurwoyin da babban yatsa.

"Sajan, in tambaye ki?"

"Ina ji."

"Da a ce Likita ya san inda notin ke juyawa fa?"

Lorna ta so ta ce da ta gano ta wata hanyar. Ta dubi ƙofar da ba a fasa ba, ta dubi mutumin da ba shi da shaida ko ɗaya, ta ga bai cancanci a yi masa ƙarya ba.

"Da yanzu kana kujerar bayan motata da ankwa," ta ce.