Akwatin Hira Mai Cewa "Ina Nan"

Bayan isha'i ina ofis ni kaɗai, ina gyaran shafin intanet na wani kamfani, sai wani mutum ya zauna kusa da ni. Kujerar nan sarkin ƙara ce, amma ko ƙis ba ta yi ba.

Ya ce, "Malam, akwatin hirar da ka saka a shafinsu, hotona ne a jiki, na lokacin da nake musu aiki. Taimaka ka cire."

Na ce, "Inji ne ke amsawa. Ya ma fi ma'aikatan ladabi."

"Matata ce ke rubuto masa kullum, shi kuma ya ce mata, 'Ina nan.' Har yau ta ƙi karɓar ta'aziyya."

Allon kwamfutar ya yi duhu. A cikinsa fuskata kaɗai na gani.