Zanen da Aka Ɗaga da Sanda

Da sanda matar kawu ta ɗago zanen marainiyar da ke gidan, ta toshe hanci da gefen mayafi, ta zagaya da shi tsakar gida maƙwabta suna kallo. Jini ne da majina, ga wani wari mai tayar da zuciya! Marainiya tana durƙushe bakin famfo, hannunta dafe da jakar da aka manna mata a ciki wata huɗu da suka wuce, lokacin da hanjinta ya toshe aka yi mata aiki, aka juyo da bayan gidanta ta gefen cibiya.

"Ku gaya min, jama'a!" in ji matar kawu. "Kashinta ta jaka yake fita, to wannan ƙazantar daga ina? Ciki ta zubar, wallahi! Tir!"

"Inna, ki ji tsoron Allah... ko ƙofar gida ban taka ba."

"Kar ki ƙara ce min Inna, mai jaka!"

Tun ranar aka ware wa marainiya kwano da kofi, aka jefa katifarta ɗakin shirgi jikin banɗaki. Masu kawo mata ɗinki suka kwashe atamfofinsu suna tofar da yawu. Marainiya tana kuka tana cewa, "Ya Allah, Kai ne shaidata..." Kawu kuwa ya rantse in maganar ta tabbata sai ta bar gidan, gidan da mahaifinta ya gina!

Matar kawu da kanta ta ƙulle zanen a leda, suka tafi asibiti su uku. Ta dire shi kan tebur tana yatsina.

Likita ta duba yarinyar, ta fito ranta a ɓace. "Hanjin da aka bari a ƙasa bai mutu ba. Daga abin da ke bi ta cikinsa yake samun abinci, da aka katse masa sai ya kumbura yana zubar da jini. Ba ta taɓa yin ciki ba! Maganinsa a sake haɗa hanjin, kuma tun wata biyu da suka wuce muka aika takarda a kawo ta. Wa ya karɓa?"

Kawu ya juya a hankali ya dubi matarsa.

"Ƙyanƙyami na ji," in ji matar kawu. "Takardar asibiti ce... na jefa ta a shara."

An haɗa hanjin, marainiya ta warke sumul, ta koma ɗakinta da keken ɗinkinta. Amma kafin nan sai da kawu ya miƙa wa matarsa sandar nan, ya ce ta bi gida-gida ta ƙaryata kanta, daga nan ta wuce gidansu. Duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa, matan gidan na ganinta sai su ja mayafi su toshe hanci.